Wai da gaske ɗan Jamaika ne ya rubuta fim ɗin Pele?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya na sake kallon tsohon fim ɗin nan Escape to Victory na 1981, wanda fursunonin yaƙi suka kara da Jamusawa a ƙwallo, ga Pele a gaba, ga Sylvester Stallone a raga. Tun ina yaro nake kallonsa, amma sai jiya na tsaya karanta sunayen da ke wucewa. Cikin marubutan na ga Evan Jones. Ƙanena ya rantse ɗan Jamaika ne, ni kuwa na ce masa Jamaika ai ta Bob Marley ce da Usain Bolt. A raba mu gardama don Allah, yaron nan ya hana ni sakat.

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Malam, ka ba ƙanenka haƙuri, shi ke da gaskiya. An haifi Evan Jones a 1927 a yankin Portland da ke gabashin Jamaika. Mahaifinsa manomin ayaba ne, mahaifiyarsa Ba'amurkiya 'yar ɗariƙar Kirista ta Quaker. Ya yi karatu a Amurka, sannan a Oxford. Fim ɗin ƙwallon nan su biyu suka rubuta shi, shi da Yabo Yablonsky, kuma a ganina shi ne mafi rauni cikin ayyukansa. Ka nemi King and Country na 1964, labarin sojan da aka gurfanar kan gudu daga fagen daga. A can za ka ga alƙalaminsa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, a 1949 ya je Gaza aikin agaji cikin Falasɗinawa 'yan gudun hijira, kuma abin da ya gano can ne ya zama wasan kwaikwayonsa na talabijin, The Widows of Jaffa.

Hajiya Uwar Ɗaki:
Malam, ka tsallake babban abin. A Jamaika ba da fim aka san shi ba, da waƙa ce, The Song of the Banana Man, wadda yara ke haddacewa a makaranta. Wani Bature ɗan yawon buɗe ido ya ga manomi a kasuwa cikin tufafi duk tabon ayaba, ya ɗauka almajiri ne. Manomin ya tsaya ya lissafa masa gonarsa da guminsa, ba kara ba kunya. Kuma da bakin mutanen ƙauye ya rubuta ta, ba da Turancin littafi ba, a zamanin da masu ilimi ke raina wannan harshe. Daga baya ya yi mata 'yar uwa, inda manomin ya koma Landan yana karɓar tikiti a jirgin ƙarƙashin ƙasa, sanyi na cinsa. Wannan ta biyun ta fi sa ni hawaye, don ina da ɗa a waje.

Malam Mai Alli:
Gaskiyarki Hajiya. A ƙara da The Fight Against Slavery, shiri mai kashi 6 da ya rubuta wa BBC a 1975 kan yaƙi da cinikin bayi. Ya rasu a 2023 yana da shekara 95.

Ɗan Fagge:
To, na sha ƙasa. Tsire na alkawarta masa, kuma ga shi nan tsaye a ƙofa da takalmi a ƙafa.