Ba a shan zuma sai an sha harbi: har ga mai amya a bayan gidansa?

Mai Amya: Jama'a, da zarar sabon mai kiwon zuma ya fito da kumburarren ido sai a jefa masa wannan karin magana. Ma'anarta a fili take, daɗi ba ya zuwa sai da wahala. Amma ni a ganina yawan harbi alamar kuskure ce wajen buɗe amya, bai kamata a lulluɓe shi da karin magana ba.

Dattijo: Ɗana, maganar ta fi dacewa da mai hawa bishiya da wuta ya fasa saƙa. Mai amyar katako yana da dabara. Ya tsaya ta baya ko ta gefe, kada ya tare ƙofa. Ya busa hayaƙi sau biyu ko uku a bakin amya, ya dakata kamar minti biyu, sannan ya ɗaga murfi a hankali. Hayaƙin ya zama fari mai sanyi, don mai zafi yana ƙona fikafikan ƙudan zuma, ya ƙara tunzura su. Tufafi masu haske, ban da turare. Duk da haka, komai iyawarka sai an harbe ka wata rana, shi ya sa ban yarda a ce maganar ta tsufa ba.

Mai Kaki: Baba, a ƙara da wannan. Ma'aikaciya, wato macen ƙudan zuma mai yin aikin amya, idan ta yi harbi, ƙarin yana maƙalewa a fata tare da jakar dafi, ita kuma ta mutu. Jakar tana ci gaba da tura dafi, don haka a kankare shi da farce nan take. Wurin yana fitar da wani wari mai kama da na ayaba wanda ke kiran sauran, sai a busa masa hayaƙi. Ƙudan da aka murƙushe tsakanin sandunan saman amyar katako, waɗanda ƙudan ke rataya saƙa a jikinsu, ma haka yake yi. Harbi ɗaya ƙa'ida ne, na goma kuwa sakaci.

Mai Amya: Yaya, sandunan nan su ne tushen rigima. Faɗin kowace ya kasance milimita 32 zuwa 35, gwargwadon irin ƙudan. Idan ya kauce, sai su yi saƙa a gicciye, kana ɗagawa ta karye, zuma ta zube, ƙudan wasu amyoyi su kawo farmaki.

Dattijo: Wahalar da magabata ke nufi ta wuce zafin fata, har da haƙuri. Daga ƙwai zuwa ma'aikaciya kamar mako uku ne, ba a gaggauta shi. Kada a yanki saƙa sai an ga sun rufe aƙalla kashi uku cikin huɗu na ramukan da kaki. Wadda ba a rufe ba ruwanta ya yi yawa, idan ya haura kashi 20 cikin 100 takan yi tsami. Saƙar 'ya'ya kuwa ba a taɓa ta, kuma a bar musu abin ci, in ba haka ba su yi ƙaura.

Uwargida: Malamai, akwai wanda kuka manta. Karin maganar na wanda zai sha zumar ne. Maƙwabci da ɗansa fa, da za su sha harbi ba su ɗanɗana komai ba? Ba daidai ba ne a faɗa musu ita. A sa shinge mai tsawon mita 2 gaban ƙofar amya don ƙudan su tashi sama da kan mutane. A ajiye musu ruwa da tsakuwa a ciki tun ranar farko, kafin su saba da na gidan wani.

Mai Kaki: Gaskiyarki Hajiya. Haka nan ba a faɗa wa wanda jikinsa ba ya ɗaukar dafin. Idan bayan harbi maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya yi wuya, ko jiri ya kama mutum, asibiti za a nufa da shi nan take.