Kwana 9 da na'urar numfashi, kullum tsakar dare nake tuɓe ta

Mai neman shawara (ɗan kasuwa, unguwar Ali Ɗan Sofo):

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema daga wanda ya taɓa kwana da abin nan, ko wanda ya san aikinsa.

Shekaruna 54. An daɗe ana kukan minsharina a gida, ni kuwa na mai da shi abin raha. Abin da ya kai ni likita hawan jini ne da ya ƙi sauka duk da magani iri 3, har babban ɗana ya matsa muka tafi Tunus. Can likitan zuciya ya bar ni zaune ya juya wajen uwargida, ya tambaye ta yadda nake barci. Ta ce masa nakan yi tsit kamar rai ya fita, sai ta taɓa ni, sannan in zabura da gurnani. Aka kwantar da ni dare guda da wayoyi a jiki, da safe aka ce numfashina na ɗaukewa ko ya ragu sau 38 a kowace awa. Aka haɗo ni da na'urar numfashi da ake kira CPAP, da takunkumi mai rufe hanci da baki.

Yau kwanana 9 da ita a Maraɗi, kuma barcina ya fi na da lalacewa. Da na ɗaura takunkumin sai in ji kamar iskar ba ta isa ta. In barci ya ɗauke ni, iskar ta yi ƙarfi, ta riƙa tsiyaya ta gefe tana hura mini ido. Wajen ƙarfe 2 sai in farka in tarar da takunkumin a ƙasa, ban san sa'ad da na cire shi ba. Da safe baki kamar na tauna gari, ciki a kumbure, ga jan tabo a karan hanci da ake tambayata a kasuwa. Jiya kuma aka ɗauke kuran ina cikinta, na tashi a firgice.

Haka kowa ke farawa, ko jikina ne bai karɓe ta ba? Kuɗi ta ci ba kaɗan ba, amma wallahi na kusa mai da ita kwalinta.

Tsohon malamin makaranta (unguwar Zariya):

Wa alaikumus salam Alhaji. Shekara 3 ke nan ina kwana da tawa. Da na karanta saƙonka sai na yi dariya, ba don kai ba, don na tuna nawa takunkumin da na tsinta ƙarƙashin gado dare 20 a jere.

Kuskuren da na yi, kuma na ga kai ma kana yi, shi ne ban taɓa haɗuwa da na'urar ba sai lokacin da na gaji ina son barci. Jiki a wannan lokacin ba ya son baƙo. Ka yi sabon da rana. Bayan la'asar ka zauna kan kujera, ka ɗaura, ka kunna, ka saurari rediyo minti 20 ko 30, idonka biyu. Rana ta farko ma kada ka ɗaure igiyar, riƙe shi da hannu a fuska, in ka ji ƙunci ka sauke, ka sake. Kwana 4 ko 5 a haka, hancinka zai daina ɗaukarsa abokin faɗa.

Sannan tambaya ɗaya: kana da gemu? In kana da shi, to ga rabin matsalarka nan. Takunkumi mai rufe baki a kan fata yake son zama, gashi kuwa na ɗaga shi, iska ta sami hanya. Kai kuma sai ka ƙara tamke igiya, shi ne tabon hancin. Tamkewa ba ta hana yoyo, ƙara shi take, don robar bakinsa an yi ta ne ta kumbura da iska ta manne da kanta. In ka danne ta, ta lanƙwashe. Ka daidaita igiyar kana kwance, na'urar na aiki, ba a tsaye gaban madubi ba. Ni dai daga ƙarshe na koma ƙaramin nan mai ƴan kawuna biyu da ke zama bakin ƙofar hanci, gemuna na nan ban taɓa shi ba.

Mai neman shawara:

Malam, ina da gemu, kuma ba na shirin aske shi saboda inji. Amma in na koma na hanci kaɗai, bakina fa? Uwargida ta ce a buɗe nake kwana.

Tsohon malamin makaranta:

Da yawa daga cikinmu bakin na buɗewa ne don maƙogwaro ya toshe ana neman iska. In hanya ta buɗe, yakan rufu da kansa. In ya ƙi, akwai maɗaurin haɓa, kamar ɗankwali ake zagayo shi. Amma wanda hancinsa ke toshe kullum, shi kam na hanci kaɗai ba zai yi masa ba sai an gyara hancin tukuna.

Ma'aikaciyar jinya:

Baba, ina wuni. Bari in fara da lambar nan 38, don ka san abin da kake shirin mayarwa kwali. Ba a ƙirga ɗaukewar numfashi sai ta kai daƙiƙa 10. Daga 5 zuwa 15 a awa ana cewa mai sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 mai tsanani. A barcin awa 6 naka ya wuce sau 200. Kowane ɗaya iskar jini na sauka, zuciya ta zabura, jini ya hau. Shi ya sa likitan zuciya ya nufi barcinka: hawan jinin da ya gagari magani iri 3, ciwon nan na ɗaukewar numfashi cikin barci na cikin abubuwan farko da ake nema. In kana yawan tashi fitsari da dare da ciwon kai da safe, su ma sukan zo tare da shi.

Na'urar ba iskar asibiti take ba ka ba, iskar ɗakinka ce take turawa da ɗan ƙarfi don ta tokare maƙogwaro kada ya rufta. Wani likita a Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fito da dabarar, ya wallafa ta a 1981. Ƙarfin iskar daga 4 yake zuwa 20. Yawancin na'urori an saita su su fara daga 4 su riƙa hawa a hankali har barci ya ɗauke ka, kuma 4 ɗin nan yakan yi wa babban mutum kaɗan. Ina zaton shi ne ƙuncin da kake ji da farko. Kumburin ciki kuwa iska ce kake haɗiya, yawanci in ƙarfin ya yi sama ko kana kwance rigingine. Ka gwada kwanciya a gefe, ka ɗan ɗaga kai, kada ka cika ciki daf da kwanciya.

Duka biyun ana gyara su a saiti: a ɗaga wurin farawa, a kunna abin da ke sassauta iskar sa'ad da kake fitar da numfashi, ko a rage iyakar sama. Amma don Allah Baba kada ka bar yaro ya shiga ciki ya murɗa don ya gani a YouTube. Na'urar na rubuta komai: awa nawa ka yi, yoyo nawa, sau nawa numfashi ya ɗauke. Da safe ka ɗauki hoton allonta, ka tura wa likitan da ya rubuta maka ita ta WhatsApp, tare da koke-koken nan kamar yadda ka rubuta mana su. Shi zai faɗi lambar da za a sa.

Abu biyu kuma. Ƴan hudojin da ke gaban takunkumi masu fitar da iska ba lalacewa ba ce, ta nan numfashin da ka fitar ke fita, kada a liƙe su. Kuma kada ka sayi ƙwayar barci don ta taimake ka jure na'urar, irin waɗannan na ƙara sakin naman maƙogwaro.

Wani ɗan uwa:

Ni dai a ganina Alhaji ka bi a hankali. An ce wanda ya saba da ita ba ya iya numfashi sai da ita. Kakanninmu sun yi minshari sun mutu da tsufansu. Ka riƙe zuma da habbatus sauda, ka rage tuwon dare.

Ma'aikaciyar jinya:

Yaya, rage tuwon dare na yarda da kai, rage ƙiba na rage ciwon sosai, wasu har a sake musu gwaji a sassauta. Amma batun ba ya iya numfashi sai da ita, ba haka ba ne. Daren da bai sa ba, maƙogwaron na komawa yadda yake tun kafin ya san ta, ba ta ƙara masa komai ba. Kakanni kuwa, nawa aka ce an kwanta da su lafiya an tashi ɓarin jiki ya shanye? Ba wanda ya ƙirga numfashinsu.

Mai haɗa sola (Sabon Gari):

Alhaji, batun kuran nawa ne. Da farko kwantar da hankalinka: in wuta ta ɗauke ba za ka shaƙe ba. Takunkumi mai rufe baki na da ɗan marfi da ke buɗewa da kansa in iska ta tsaya. Ba daɗi dai, za ka farka ka cire.

Juya akwatin cajarta ka karanta. Za ka ga 65 ko 90 wat a yawancinsu, amma wannan iyakar abin da za ta iya ja ne. Mai cin wutar shi ne tukunyar da ke ɗumama ruwa. In ka kashe ɗumin, na'urar ba ta kai fankar sama ci ba, batirin sola mai lafiya na amp 100 zai kai ka safe har da saura. Ka duba kuma ko volt 12 take sha ko 24, don akwai wayar da ke haɗa ta kai tsaye da batir ba sai an bi ta inbata ba, wuta ba ta salwanta a hanya. Kada a yanka waya a haɗa da ka, ta kamfaninta za a nema. In kana da sola a gida, a ja mata layinta ita kaɗai, ta kwana kan batir ko da akwai kuran, ka huta da farkawa.

Ruwan tukunyar kuma tataccen ruwa ake so, na farmasi. Kada yaro ya je wajen masu batir ya ce a ba shi ruwan batir, akwai mai asid a ciki, kuma jarkokin kan yi kama. In tataccen ya yanke, ruwan gora na dare ɗaya ko biyu ba zai kashe ta ba, farin dattin da zai bari a wanke da ruwan binega.

Wata Hajiya (Bagalam):

Alhaji sannu da fama. Maigidana ke da ita, ni ke wanke ta, don haka ga abin da maza ba za su faɗa maka ba.

Turaren wuta. Duk abin da ke cikin iskar ɗaki, na'urar za ta zuƙo ta ɗura maka a hanci. A yi turaren tun da magariba a buɗe taga, kuma maganin sauro mai hayaƙi ya bar ɗakin gaba ɗaya, a koma gidan sauro. Tiyon a ratso shi ta saman kai, a rataye a kan gadon, in ka juya ba zai fizge takunkumin ba. Kada a ajiye ta a ƙasa. A bayanta akwai ƴar farar matata mai tace ƙura. Da hunturu, in ƙurar nan ta taso, duk mako nake dubawa, in ta yi ja a canza. Takardar za ta ce wata guda ko fiye, amma wanda ya rubuta bai ga hazon Maraɗi ba. Ka sa ɗanka ya aiko da su da yawa.

Robar takunkumin kullum da safe a wanke da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙamshi, a shanya a inuwa. Ka wanke fuska kafin ka ɗaura, kada ka shafa basilin ko wani mai, yana sa ta zamewa kuma yana lalata robar. Bushewar baki kuma da hunturu sai ka ƙara ɗumin ruwan, ko mai sola zai yi fushi.

In gidanka biyu ne, jakarta na bin ka duk inda kwana ya faɗa. Kunyar kwana 2 ce. Mu da muka shekara muna taɓa mutum mu ji ko yana numfashi, ƙarar injin nan daɗi take mana.

Direban babbar mota:

Ni ma gyangyaɗi na damuna a hanyar Dan Isa zuwa Katsina, kuma an ce ina irin wannan minsharin. Na ga ana sayar da na hannu a Kano, in saya in gwada?

Ma'aikaciyar jinya:

Yaya, gwaji tukuna, kuma kai naka ya fi gaggawa tunda kana riƙe da sitiyari. Na hannu kuma a kula: a 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson rage ƙara da ke cikinsu na ruɓewa ya bi iska, kuma zafi da laima na ƙara lalata shi. Irin waɗannan na iya faɗowa kasuwar gwanjo. Ko an sami mai kyau, takunkumi da tiyo sababbi ake saye.

Mai neman shawara (bayan kwana 16):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Likita ya ga hotunan, ya ce a ɗaga farawa zuwa 6 a kunna sassautawar, ƙuncin farko ya tafi tun daren. Zaman la'asar na yi shi kwana 6, jikokina na leƙowa suna cewa Alhaji ya zama matuƙin jirgi. Ƙaramin takunkumin hanci ya iso ranar Talata. Jiya allon ya nuna awa 5 da minti 10, lambar ɗaukewar numfashi ta ce 4 a awa. Sau ɗaya na tashi fitsari. Baki dai har yanzu yana bushewa, kuma shekaranjiya na sake tsintar takunkumin a ƙasa.

Saura tambaya ɗaya. In na dawo daga sallar asuba nakan ɗan koma barci kamar awa guda. Shi ma sai na ɗaura?

Tsohon malamin makaranta:

Shi ma, Alhaji, har ƙailula. Barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare zuwa safiya, kuma a cikinsa maƙogwaro ya fi saki. Ni a kan matashi nake barin nawa in zan fita masallaci, don kada in kwanta ban gan shi ba. Maɗaurin haɓar kuma ina da guda da ban ƙara amfani da shi ba, turo yaro bayan azahar ya karɓa.