Tambaya: saitin VLAN yana ɓacewa daga gadar Linux idan aka sake kunna na'urar KVM

Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman taimako a kan wata matsala da ta ƙi warwaruwa. Ina da sabar Debian 12 mai ɗauke da na'urorin kwaikwayo (virtual machines) na KVM, kuma na kunna tace VLAN (raba hanyar sadarwa ɗaya zuwa sassa masu lamba) a gadar br0 da umarnin `ip link set br0 type bridge vlan_filtering 1`, sannan na bai wa eth0, mashigar sadarwa ta sabar, damar wucewa da VLAN 10 da 20 masu alama.

Idan na sanya vnet0, mashigar da ke haɗa na'urar KVM da gadar, a VLAN 20 da `bridge vlan add dev vnet0 vid 20 pvid untagged`, komai yana tafiya daidai, na'urar tana samun adireshi daga DHCP (tsarin raba adireshin IP kai tsaye). Amma da zarar an kashe ta aka sake kunnawa, libvirt (manhajar da ke sarrafa na'urorin KVM) yana ƙirƙirar sabuwar mashiga, wani lokaci ma da wani suna dabam, ta koma VLAN 1 na asali, sai sadarwa ta yanke gaba ɗaya.

Wace hanya ce ta fi inganci wajen dawwamar da saitin: rubutun da libvirt zai gudanar duk lokacin kunnawa, ko sashen BridgeVLAN na systemd-networkd (manhajar saita hanyar sadarwa a Linux)? Ba na son komawa Open vSwitch (wata manhaja da ke maye gurbin gadar Linux) sai dole. Na gode.