Ribit ɗina sai lanƙwashewa yake, a taimaka

Salam 'yan uwa. Wata 4 kenan ina harhaɗa ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu a garejin gida, irin wanda ake sayo sassansa a akwati daga Amurka, har yanzu ina kan wutsiya wallahi na maƙale.

Wajen buga ribit ne, wato ƙananan ƙusoshin da ake baje gindinsu don su haɗe falankai, masu kaurin 3/32 na inci a kan falankin alminiyam. Maimakon gindin ya baje daidai sai ya kwanta gefe kamar ƙusar da aka buga a karkace, cikin goma sai huɗu sun lalace. Na rage iskar kwamfiresa da ke tura na'urar buga ribit daga 60 psi (ma'aunin ƙarfin iska) zuwa 35, na canja ƙarfen tokarewa (wanda ake tokare gindin ribit da shi lokacin bugawa), na sa ƙanena ya riƙe min ta baya, duk kanwar ja ce. Abin haushin a kan guntun falankin gwaji lafiya lau yake fita. Jiya garin cire wanda ya lalace da diril na faɗaɗa ramuka biyu, shi ya sa na ajiye aikin.

Don Allah tsayin ribit ɗin ne ya yi yawa, ko hannuna ne?