"Tuntuɓe gushin gaba": shin ta dace da aji?

Malamin lissafi, Kumo: Assalamu alaikum. Ina so mu duba karin maganar nan, "tuntuɓe gushin gaba", domin a kanta na ɗora yadda nake gyara wa ɗalibai aiki. Idan yaro ya haɗa 1/2 da 1/3 ya samu 2/5, ba na soke aikin da jan biro in wuce. Tambayarsa nake yi: wanda yake riƙe da rabin burodi, aka ƙara masa wani yanki, ta yaya abin hannunsa zai gaza rabi? Da zarar ya gane cewa 2/5 bai kai rabi ba, shi da kansa zai koma ya nemo 5/6, kuma da wuya ya sake haɗa lambobin ƙasa.

Alaramma, Dukku: Wa alaikumus salam. Malam, a fahimtata magabata sun yi wannan magana ne don rarrashin wanda abu ya riga ya sama, ba don a zuba wa yaro ido yana tuntuɓe ba. A tsangaya, idan almajiri ya sauya wasali ko ya tsallake aya, nan take ake tsayar da shi, domin abin da harshe ya saba da shi a karkace yana da wuyar miƙewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malamar firamare, Gombe: Allah ya gafarta Malam, ina ganin ba abu ɗaya kuke magana a kai ba. Abin da ake haddacewa dole ne a gyara shi nan take, amma abin da ake so a fahimta yana buƙatar a ga hanyar da yaro ya bi har ya ɓata. Shi ya sa masu duba lissafin WAEC suke ba da maki a kan matakan aiki, ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Abin da ya fi damuna shi ne kunyatarwa. Yarinyar da aka yi wa tsawa, aji ya kwashe da dariya, ba ta sake ɗaga hannu. Sai ta koma kwafar aikin ƙawarta, kuskurenta ya ɓuya inda malami ba zai gan shi ba. Wannan tuntuɓen mayar da ita baya yake yi.

Malamin lissafi, Kumo: Gaskiya ne, Malama. Shi ya sa idan na tattara littattafai nake zaɓar kuskuren da ya fi yawa, in rubuta shi a allo ba tare da sunan kowa ba, in ce a nemo mini inda aka kauce.

Alaramma, Dukku: Rufa wa yaro asiri kam na yarda da shi, domin mu ma a gefe muke kiran almajiri mu duba masa allonsa. Amma Malam, a ajin da yara suka cika har bakin ƙofa, wanda ya gano kuskuren a allo galibi ba shi ne ya yi shi ba. Yaya kake tabbatar da cewa mai shi ya ji?