Na koma sabuwar saba, rikodin kira da tsoffin saƙonnin murya sun ɓace

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, ku taimaka min. Tsohuwar sabarmu (kwamfutar da ke riƙe da layukan wayarmu) tana aiki ne da manhajar sarrafa kira FreePBX 16 a kan CentOS 7, wadda aka daina wa gyara tun 30 ga Yuni 2024, shi ya sa na dage sai da maigida ya yarda aka sayi sabuwa, na ɗora FreePBX 17 a kan Debian 12. Layuka duk suna aiki. Amma a shafin CDR (jerin bayanan kiran da aka yi) babu alamar kunna rikodi ko ɗaya, akwatin saƙon murya kuma na cewa babu tsohon saƙo. Na kwafe fayilolin da hannuna, suna nan a diski. Sabon rikodi ma wasu bayit 44 ne kacal. Ranar Juma'a za a goge tsohuwar.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, da me ka kwafa? In da scp ne kana root, to fayilolin sun zama mallakar root, Asterisk kuwa, injin kira da FreePBX ke aiki a kansa, da sunan asterisk yake aiki. Duba da `ls -l /var/spool/asterisk/monitor`, sannan ka buga `fwconsole chown`. Wannan ce matsalarka, ba wata ba.

Ɗan Katsina: Ka yi `chmod -R 777` kawai, ka ba kowa izini a kan fayilolin, ka huta.

Injiniya: Kar ka kuskura. Muryoyin kwastomomi ne, ka buɗe wa kowa ya karanta ya goge?

Mai tambaya: Na yi chown, babu canji. Da WinSCP na tattaro duk fayil mai .wav na zuba a folda ɗaya don nema ya yi sauƙi. Sauran ƙananan fayiloli ban ga amfaninsu ba.

'Yar Zariya: To ga bakin zaren, ɗan'uwa. FreePBX na neman rikodi ne a monitor/shekara/wata/rana, misali monitor/2024/03/15. Ka haɗe su wuri guda, ba zai gan su ba. Saƙon murya kuma tagwaye ne: msg0000.wav da msg0000.txt a cikin voicemail/default/lambar layi/INBOX. Na .txt ɗin ke ɗauke da lambar mai kira da lokaci. In babu shi, Asterisk bai san da saƙon ba. Kuma kowane akwati daga msg0000 yake farawa, don haka a folda ɗaya wasu sun danne wasu. Sake kwafa daga tsohuwar:
`rsync -av root@tsohuwa:/var/spool/asterisk/monitor/ /var/spool/asterisk/monitor/`
Na voicemail ka yi hattara, sabbin saƙonni ma sunansu msg0000 ne, ka ajiye su gefe kafin ka kwafa. Ka kuma duba ko teburin cdr na asteriskcdrdb ya taho, domin sunan fayil ɗin rikodi yana gurbin recordingfile na teburin. In bai taho ba, sai ka kwafo shi daga tsohuwar da mysqldump.

Injiniya: Duk da haka sai ya maimaita chown bayan rsync, lambar mai amfani a CentOS da Debian ba lallai ta zo ɗaya ba. Bayit 44 kuma kan fayil ɗin wav ne babu sauti: sauti bai iso ba. Gyara adireshin waje (IP na intanet) a SIP Settings, ka buɗe ƙofofin UDP 10000 zuwa 20000 da sauti ke bi a bangon wuta (firewall). Abin da ke ba ni haushi ke nan, a yi ƙaura ba a gwada kira ko guda daga waje ba.

'Yar Zariya: Ranka ya daɗe, kiran da ba a ɗaga ba ma yakan bar fayil mai bayit 44. Ya fara gwada su da CDR kafin ya taɓa bangon wuta.

Mai tambaya: Na gode. Amma rsync ɗin zai cinye diskin, wav kusan megabayit ɗaya ne a minti. Ba yadda za a yi in gaya wa FreePBX ya duba foldata kawai? Kuma adireshin waje ban taɓa shi ba, haka yake a tsohuwar.

Injiniya: Turo mana sakamakon `df -h` tukuna, mu ga sararin da ya rage a diski. Kuma ka roƙi maigida a ɗage Juma'ar nan.