Muhawara: Debian ta ci amanar aƙidarta ne a ƙuri'ar 2022?

Auwal: Assalamu alaikum. Zan faɗi magana, wanda zai ji haushi ya ji. Debian, wato tsarin kwamfutar nan na Linux, ta ci amanar aƙidarta tun watan Oktoba na 2022. A 1997 suka rubuta wa duniya alkawari, Yarjejeniyar Al'umma, kuma sashen farko cewa yake yi Debian za ta zauna 'yantacciya ɗari bisa ɗari, wato kowa na iya karanta tushenta, ya gyara, ya raba. Sai ga shi sun kaɗa ƙuri'a sun ƙara jimla guda a sashe na biyar, wai faifan girkawa na hukuma zai iya ɗauko famwayar da ba a buɗe tushenta ba. Da Debian 12 ta fito a watan Yuni na 2023 kuwa, haka aka yi. Alkawarin da ake ƙara masa "sai dai kuma" duk ranar da ya yi nauyi, wane irin alkawari ne?

Maryam: Wa alaikumus salam. Yaya Auwal, a tausaya mana mu sababbin shiga. Mece ce famwaya?

Nura: Ƙanwata, ƙaramar manhaja ce da wani sashe na kwamfuta yake aiki da ita: katin wayifai, katin hoto, na sauti. A da tana zaune daram a jikin na'urar tun daga masana'anta. Yanzu da yawan kamfanoni sun bar wa tsarin kwamfutar ya riƙa loda ta duk sanda aka kunna. Galibinsu a dunƙule suke zuwa, ba mai iya karanta cikinsu ko ya gyara sai kamfanin.

Auwal, ni da nake wunin gyaran laftof na hannu, bari in faɗa maka yadda abin yake kafin 2023. Ka sa faifan hukuma a laftof mai katin Intel, ya ce bai ga wayifai ba, ka nemo kebul. Laftof ɗin ko ramin kebul ba shi da shi, mai shi kuma intanet ɗinsa gaba ɗaya na waya ne. Akwai wani faifan mai famwaya, amma an rubuta masa "ba na hukuma ba" an tura shi lungu. Sabon shiga ba ya ganinsa. Sai ya ce a sa masa Mint, wani tsarin Linux ɗin, ko a mai da masa Windows ɗinsa ya huta.

Auwal: A haɗa wayar da igiyar USB mana, tana aiki ba famwaya. Ko a sayi ɗan ƙaramin wayifai mai AR9271 na Atheros, wanda famwayarsa a buɗe take. Hanya akwai, ƙyuya ce.

Nura: Mai sayen laftof da ƙyar za ka ce ya ƙara kuɗi ya sayi wayifai mafi rauni fiye da wanda ke jikin na'urarsa? Ka zo shago ka faɗa masa da bakinka.

Malam Sani: Ku bi a hankali, samari. Rigimar nan ta girmi wasunku a harkar. A 2004 Debian ta gyara kalmomin yarjejeniyar yadda sharuɗan 'yanci za su hau kan komai da ke cikin tsarin, har da famwaya da takardun bayani. Da suka ga hakan zai hana fitar sarge, wato Debian 3.1, sai suka sake ƙuri'a a shekarar suka ɗage aiki da gyaran. An sake zama kan famwaya a 2006, an sake a 2008, kuma a na 2008 ɗin abin ya yi zafin da Manoj Srivastava ya ajiye muƙamin sakataren aikin. Sai a Debian 6.0, Fabrairun 2011, suka iya fitar da ƙwayar Linux da aka tsame duk rufaffiyar famwaya daga cikinta. Duk da wannan wahala, gidauniyar FSF ta Richard Stallman, mai fafutukar 'yancin manhaja, ba ta sa su cikin jerin tsarin da ta amince da su ba, saboda suna ajiye rumbun manhajoji marasa 'yanci a kan na'urorinsu. To Auwal, da ma'aunin da kake awo, Debian ba ta taɓa cika mudu ba ko kafin 2022.

Auwal: Malam, ajiye abu a rumbun gefe daban, miƙa wa kowa shi a faifan hukuma daban. A da sai ka je da ƙafarka ka ɗauko.

Injiniya Bilkisu: Auwal, ina da tambaya. Laftof ɗin da kake rubuto mana da shi, me yake tayar da shi kafin Linux ta fara aiki? Faifan ajiyarsa da wace manhaja yake aiki? Duk rufaffiyar famwaya ce, ba ka taɓa ganin tushenta ba. Bambancin kawai shi ne ba ta bi ta hannun Debian ba. Kuma nan ne nake rabuwa da FSF. A ƙa'idar shaidar da suke bai wa na'urori, in famwayar ƙaramin sashe tana maƙale a jiki, ba a tsara a sauya ta ba, sukan ɗauke ta tamkar wani ɓangare na ƙarfen. In kuma irinta ce sak amma tsarin ne ke loda ta, ta zama laifi. Wadda ake lodawa ɗin ita ce kake ganin fayil ɗinta, kake iya ƙin sa ta, kuma ita ce wata rana wani zai iya rubuta 'yantacciyar da za ta maye gurbinta. Wadda aka binne a jiki ba ka da ta cewa a kanta har na'urar ta mutu. Ban ga yadda ɓoyayyar ta fi bayyananniyar 'yanci ba.

Sannan ga tsaro. Da aka bayyana Spectre da Meltdown, ɓarakar tsaro a ƙwaƙwalwar kwamfuta, a Janairun 2018, wani ɓangare na maganin Spectre ta hanyar sabunta maikurokod, wato famwayar ƙwaƙwalwar, na Intel da AMD ya zo, shi ma rufaffe. Wanda ya ƙi sabon, tsohon da ke jikin ƙwaƙwalwar yake amfani da shi, rufaffe kuma mai ɓaraka. Me ya ci riba?

Abin da ya fi taɓa ni kuma makafi ne. Faifan Debian yana da muryar da ke karanta wa wanda ba ya gani matakan girkawa. A sababbin laftof da yawa sauti ba ya fita sai da famwaya. Shi wannan bawan Allah ba zai ma san an ce ya nemo kebul ba. Sashe na huɗu na yarjejeniyar da kake kafa hujja da ita cewa ya yi abin da suka sa a gaba biyu ne: masu amfani, da 'yantacciyar manhaja. Kai ɗayan kawai kake karantowa.

Auwal: Anti, na ji ta makafi, kuma mai ƙarfi ce. Amma wa zai matsa wa kamfanoni in kowa ya sallama? Qualcomm Atheros sun saki tushen famwayar AR9271 ɗin nan a 2013. Da kowa ya ce "a loda kawai", da sun saki?

Injiniya Bilkisu: To bayan nan fa? Katunan da suka biyo baya na kamfanin nan ɗin, masu aiki da direban ath10k, rufaffiyar famwaya suke buƙata, a shekarun da faifan Debian yake tsaf yadda kake so. Daga 2011 zuwa 2022 an gwada ƙauracewar. Intel ba ta ji a jikinta ba, sababbin shiga ne suka ji.

Malam Sani: Injiniya, ina tare da ke har nan, amma akwai inda zan tsaya. Abin da ya burge ni shi ne ba su yi rufa-rufa ba. Steve McIntyre, wanda ya daɗe yana haɗa faifayen, shi ya tayar da maganar a fili a 2022. Shawarwari shida aka jera a takardar ƙuri'a, har da ta Simon Josefsson mai ra'ayi irin na Auwal, cewa faifai mai rufaffiyar manhaja ba na Debian ba ne. Wadda ta ci ta Russ Allbery ce, kuma da yake tana taɓa yarjejeniya, sai da ta sami rinjayen uku bisa ɗaya kamar yadda kundinsu ya tanada. Mutum ya canza rubutun alkawarinsa a gaban jama'a ya fi ya bar shi a rubuce yana saɓa masa ta bayan gida. Inda suka yi gaggawa a ganina shi ne faifai ɗaya tal. Akwai shawarar da ta ce a gyara yarjejeniyar amma a ci gaba da fitar da faifai biyu. Da ita ta ci, da su Auwal ba su ji an kore su ba.

Injiniya Bilkisu: Malam, da girmanka, wa zai yi aikin? 'Yan sa kai ne, ba mai biyansu. Faifai biyu na nufin a haɗa sau biyu, a gwada sau biyu, a kowace fitowa. Sannan sabon shiga ya sake tsayawa yana tunanin wanne zai sauke, a koma gidan jiya. Kuma ba a toshe hanyar ba: ka rubuta firmware=never lokacin tayar da faifan, ba za a sa maka ko ɗaya ba. An ma ware wa famwayar sashenta daban, don kada wanda ya buɗe ta ya buɗe wa sauran manhajoji marasa 'yanci ƙofa.

Auwal: Ko na rubuta, tana nan kwance a faifan da na sauke, kuma in na ba wani kwafi na raba rufaffiyar manhaja da hannuna. Ni dai na koma Trisquel, tsarin da FSF ta amince da shi, mai ƙwayar Linux-libre da ba rufaffiyar famwaya a ciki, hankalina kwance.

Nura: Trisquel ɗin daga Ubuntu aka ciro ta, Ubuntu kuma daga Debian. Gumin waɗanda ka ce sun ci amana kake ci.

Auwal: Lasisin ne ya ba ni dama, ba alfarma suka yi mini ba.

Injiniya Bilkisu: Wannan gaskiya ce. Kuma lasisin ya ba ka damar ɗaukar kayan haɗa faifan ka fitar da naka mai tsabta. Ka yi, ni zan gwada maka a tsohuwar ThinkPad ɗina.

Maryam: To ni yanzu wanne zan sa? Laftof ɗaya gare ni, kuma da shi nake aikin makaranta.

Auwal: Trisquel.

Nura: Kar ki goge komai tukuna. Ki tayar da Trisquel daga filash ba tare da kin girka ba, ki buɗe tamina, inda ake rubuta umarni, ki rubuta lspci, ki turo mana layin da ya ambaci katin wayifai. In Atheros ne irin na da, bi Auwal. In Intel ne, ki ba shi lambar asusunki ya turo kuɗin kebul.